Gona Fes, Fakara Shiru

Kurciya uku na tarar a gindin ɗorawa washegarin ranar da muka shuka dawar bara. Biyu sun riga sun sandare. Ta ukun da sauran numfashi, ta saki fukafukai a ƙasa, wuya ya langaɓe, sai buɗe baki take yi kamar mai jin ƙishirwa. Na kai hannu na ɗauke ta, ko motsi ba ta yi ba. A gindin itacen nan muka zauna da yara muka cuɗa iri da jan garin maganin nan na 'yar leda, a nan kuma ƙwaryar ta kife. Muka kwashe abin da ya kwasu muka bar saura, don hadari ya riga ya haɗo daga gabas, wa zai tsaya tsintar dawa ƙwaya-ƙwaya?

Kawuna, wanda gonarsa ke jikin tamu, ya jingine kekensa ya leƙo. Ya dubi tsuntsayen, ya girgiza kai.

"Malam, ai na sha faɗa maku. Maganin ciyawar nan naku shi ya ƙarar da tsuntsayen ƙasar nan."

Na ce, "Kawu, ai ban yi feshi ba tukuna. Injin ma yana gida."

Ya ce, "Magani dai magani ne." Ya hau kekensa.

Tun ranar maganar ke yi mini yawo a ka, domin Kawu bai faɗi daidai ba, amma kuma bai yi ƙarya ba.

Ni malamin makaranta ne, kimiyya nake koyarwa, sai dai a Dayi aikin gwamnati ɗori ne, kowa manomi ne. Gonarmu ta gado tana ta wajen hanyar Gwarzo. Muna yara ba a bukatar agogo a gonar nan. Kafin rana ta fito fakara za ta hau kan suri ta cika wuri da kururuwa, wata ta amsa mata daga gonar gaba. In ka bi ta iyaka da damina, zabin daji su tashi fir a gabanka har sai gabanka ya faɗi. Bushiya, zomo, damo, kurege, babu wanda ba mu kora ba. Yau 'ya'yana a bakina kawai suka san fakara.

Abin bai zo a rana ɗaya ba. Babanmu da garma da fartanya ya yi nomansa: a yi huɗa, a yi shuka, a yi firi, a yi maimai, in aiki ya fi ƙarfin gida a kira gayya. Ƙasarmu ta auduga ce tun zamanin Turawa, shi ya sa aka kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi, kuma ta kan auduga feshi ya fara shigo mana, feshin ƙwari. A 1975 aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin ukun farko a ƙasar nan tare da na Gusau da na Gombe, Malumfashi kuma na cikinsa. Shi ya baza takin zamani da sabon irin masara lungu-lungu. Baba yakan ba mu labarin yadda dattawa suka riƙa gudun kamfa da sufa, wai suna ƙona ƙasa, alhali kusan kyauta ake bayarwa. Yau buhu guda sai an kai akuya kasuwa.

Maganin ciyawa shi ne auta. Sinadarin gilaifoset, wanda kamfanin Monsanto na Amurka ya fito da shi a 1974 da sunan Roundup, ya daɗe yana da tsada. Da wa'adin mallakarsa ya cika a shekarar 2000, masana'antun Sin da Indiya suka shiga yinsa, farashi ya faɗo, sunaye suka yi yawa, har ya zamana ranar kasuwa za ka ga kwalabe jere a kan tabarma kusa da mai manja.

Kada mai karatu na birni ya yi saurin ɗora wa manomi laifi. Samarin da za su riƙe fartanya suna Kano da Abuja da Legas, wasu a kan babur, wasu a bakin kasuwa. Gayya ta mutu. Ɗan ƙwadago sai ka biya shi, ka ciyar da shi, kuma ranar da ciyawa ta rufe masararka ranar ta rufe ta kowa, ba ka samunsa. Ga halin tsaro da ya sa ba mai son yini a gona mai nisa. Aikin da mutum goma za su yini a kai, yaro ɗaya da injin feshi a baya zai gama kafin azahar. Ni kaina ina feshi, bana ma na yi.

To, me maganin ciyawa ke yi wa tsuntsu? In gilaifoset ne, kai tsaye illarsa gare shi kaɗan ce. Yana shiga ta ganye ya gangara har saiwa, ya toshe wata hanya da tsiro ke bi wajen haɗa abin gina jikinsa. Tsuntsu da dabba da mutum ba su da wannan hanya. Shi ya sa ciyawa ke yin mako guda ko fiye kafin ta yi ɗorawa ta mutu, shi ya sa kuma kaza za ta ratsa ta inda aka fesa ta fito garau. Ba wai a yi wanka da shi ba. A 2015 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ake da ƙarfin zaton suna jawo cutar, hukumomin Amurka da na Tarayyar Turai suka ce su ba su ga haka ba, har yau ana ja-in-ja. Amma wannan damuwar mai goyon inji ce, wanda ke feshi ba takalmi, ba ƙyalle a hanci. Shi tsuntsu ta wata ƙofar abin ke shigo masa.

Duk wanda ya taɓa kiwon zabi a ƙauye ya san ƙofar. In kaza ta ƙyanƙyashe maka ƙwan zabi, ba tsaba za ka watsa wa 'yan tsakin ba. Kakata tsohuwar tukunya take cikawa da busasshen kashin shanu da karmami, ta yayyafa ruwa, ta kife a bakin ramin gara da yamma. Da sassafe a aike ni in ɗauko, ta zazzage a tsakar gida, 'yan zabi su yi caa a kai. Takan ce ba gara, ba zabi. Ɗan tsakon fakara da na zabon daji haka suke. A makonninsu na farko ƙwari ne abincinsu: 'yan tsutsotsi, ƙananan fara, gara, tururuwa. Mafi yawan ƙwarin nan kuwa a jikin ciyawa suke ci su hayayyafa. Ranar da ka kashe ciyawa kakaf, ranar ka tashi kasuwarsu. Uwa ta fito da 'ya'yanta reras ta zaga gona fes ba abin tsinta. Ba za ka ga gawa a gindin ɗorawa ba. Ɗaya bayan ɗaya za su kwanta a ƙarƙashin ganye, kiyashi ya gama da su, kai kuwa sai bayan shekaru ka farga cewa safiya ta yi shiru.

Mutanen Ingila sun riga mu shan wannan ruwa. Suna da wata tsuntsuwa 'yar'uwar fakara, mai ruwan toka, wadda manoma da mafarautansu ke ji da ita. Bayan yaƙin duniya na biyu maganin ciyawa ya bazu a gonakin alkama da sha'ir, sai tsuntsuwar ta fara ɓacewa, ba annoba, ba gawa. Wani masani mai suna Dick Potts ya kama bin diddigin abin a yankin Sussex daga 1968, ya shafe shekaru yana ƙirga ciyawa da ƙwari da 'yan tsaki a gonaki guda. Abin da ya gano bai wuce abin da kakata ta sani game da zabinta ba: ciyawa ta ragu, ƙwari suka ragu, 'yan tsaki suka mutu da yunwa. Yau tsuntsuwar ta ragu a ƙasar da fiye da kashi 80 cikin 100. A shekarun 1980 suka gwada wata dabara, a bar kamar mita 6 a gefen gona ba feshi, sai ga 'yan tsakin da ke rayuwa sun ƙaru a fili.

Mita 6 a gonar Bature ba komai ba ce. A tamu da aka raba gado sau biyu, kunya takwas ke nan, ba mai yarda. Amma ai mu ma da muna da namu tun kafin su gano nasu, wato iyaka. Gamba, kyasuwa, sabara, kalgo, duk a tsakanin gona da gona. A nan zabuwa ke zuba ƙwai a ƙasa cikin duhuwa, a nan bushiya ke yini, a nan zomo ke ɓoye 'ya'ya. Fartanya tana jin nauyin iyaka, don mai noma in ya kai bakin kunya ya gaji, sai ya juya. Inji ba ya gajiya. Yaron da ka ɗauka, in ya ga sauran magani a tanki, sai ya bi iyaka da bakin hanya ya ƙarar, shi a ganinsa gyara ya yi maka.

A gidanmu Inna ce ta fara kuka. Tafasa, lalo, gasaya, zaƙi-banza, yaɗiya, mai fartanya yana ganinsu yana tsallakewa don ya san miya ce da kwaɗo. Magani bai san miya ba. Yanzu in yarinya ta shigo da tallan ganye, kafin Inna ta tambayi kuɗi sai ta ce, "Ke, daga ina aka tsinko? Ba a yi feshi a wurin ba ko?" Abin da ya raba Inna da tafasa shi ya raba kurciya da 'ya'yan harkiya da guɗe-guɗe da burburwa, waɗanda da su take cin rani. Akwai ma wata kurciya baƙuwa da ke zuwa daga Turai da kaka, ta yi rani a ƙasashen Sahel har da arewacin Najeriya, sannan ta koma. A Ingila ta ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 daga 1970, kuma rashin 'ya'yan ciyawa a gonakinsu na cikin manyan dalilai. Baiwar Allah ta baro gona fes, ta ƙetare hamada, ta sauka a gona fes.

Ba kowane maganin ciyawa ke da sauƙin kan gilaifoset ba. Akwai wanda manoma ke so don ba ya ɓoye aikinsa: ka fesa da safe, kafin gobe ciyawa ta ƙone kamar an bi ta da wuta. Farakwat ke nan, wanda aka fara sayarwa a 1962 da sunan Gramoxone. Wannan guba ce tsantsa. Kurɓa ɗaya na iya kashe babban mutum, ta cinye huhu a hankali, kuma har yau ba ta da makari. A Turai an sha tsintar zomaye matattu bayan sun ci ciyawar da aka fesa ko sun lashe jikinsu. An kuma gwada an ga in ya jiƙa ɓawon ƙwai yana lalata ɗan tayin da ke ciki. Sai ka tuna da ƙwan zabuwa kwance a ƙasa cikin iyaka. Tarayyar Turai ta hana shi a 2007. Ƙasar Sin, babbar mai yinsa, ta hana manomanta amfani da shi. A nan gida NAFDAC ta fitar da jadawalin hana shi daga farkon 2024, wani maganin ciyawar mai suna atarazin kuma daga farkon 2025. Wanda ke zaga kasuwannin ƙauye dai ya san takarda daban, abin da ke kan tabarma daban.

Inda maganin ciyawa ke kisa a gaban idonka shi ne ruwa. Akwai kududdufi a ƙasan gonarmu, inda aka haƙi ƙasar gini tun ba a haife ni ba. Da, daren ruwan farko sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, saboda kwaɗi. A nan 'yan feshi ke ɗibar ruwan haɗi, a nan suke wanke inji. Na taɓa tsayawa ina kallon wani yaro da bai wuce shekara goma sha shida ba. Ya auna magani da gwangwanin madara, ya ƙara rabi wai don ya fi ci, ya tsoma tankin cikin ruwa, kumfa ta biyo gefe ta koma kududdufi. Da ya gama ya ɗauraye kwalbar a wurin, ya soka ta aljihu, ya ce zai kai gida a riƙa zuba man gyaɗa. Na karɓe kwalbar da ƙyar. Bayan kwana biyu bakin ruwan ya yi baƙi da talibambam, duk sun juya ciki sama.

A cikin kwalbar ba gilaifoset kaɗai ake zubawa ba. Ana haɗa shi da wani sinadari mai kama da sabulu don ya manne a ganye, kuma shi wannan sabulun ne ke illata halittun ruwa masu taushin fata. Wani masanin Amurka, Rick Relyea, ya gwada a 2005 a tafkunan gwaji, mafi yawan talibambam ɗin suka mutu. Atarazin kuwa, farin garin nan ko mai ruwan madara da muke fesa wa masara bayan shuka, ba ya zama inda aka ajiye shi. Ruwan sama na wanke shi zuwa rafi, yana kuma tsiyaya ƙasa har ya tarar da ruwan rijiya, dalilin da ya sa Tarayyar Turai ta janye izininsa a 2004 ke nan. Tyrone Hayes na Jami'ar Kalifoniya ya ba da rahoto a 2002 cewa ɗan mitsitsin atarazin a ruwa yana rikita halittar kwaɗi, har a samu namiji da gaɓoɓin haihuwa irin na mace. Kwaɗon da ya fara gwajin da shi ma ɗan Afirka ne. Masu yin maganin sun musa, wasu masanan kuma sun samu sakamako daban. Ni kunnena ne shaidata: kududdufinmu ya rage surutu, ruwa kuwa ba ya tsami banza. Kwaɗo kuma ba abin rainawa ba ne, ƙwari yake ci duk dare, shi kuma zalɓe da maciji su ci shi.

Taki fa? Shi ba mai zarginsa, don kowa na ganinsa abinci ne, abincin shuka. Gaskiya ne in ka tona ka binne kamfa ko yuriya a gindin masara, ba ruwan tsuntsu da shi. Wanda aka bari a fili shi ne matsala, kuma na koyi wannan da tsada. Shekara uku da suka wuce na bar ragowar yuriya a daro a bayan ɗaki, ruwa ya sauka da dare ya narkar da ita. Da safe akuyar maiɗakina ta kafa kai ta sha. Ba a yi awa guda ba ta kama makyarkyata, ciki ya kumbura tim, yawu na dalala, tana harbin iska. Kafin a zo da malamin dabbobi ta mutu. Yuriya kashi 46 cikin 100 naitorojin ce. A tumbin dabba mai tuƙa, akuya ko tunkiya ko saniya, akwai ƙwayoyin halitta da ke juya ta nan take ta zama amoniya, amoniya kuma ta shige jini. Malamin ya ce da an yi saurin ɗura mata ruwan sanyi da binega, da wataƙila ta tashi. Har yau in gardama ta haɗa mu da uwargida, ko a kan mene ne, ƙarshenta sai akuyar nan ta fito.

Kaza da tsuntsu ba su da irin wannan tumbi, sai dai suna haɗiyar ƙananan tsakuwa don ƙundu ya niƙa abinci, ƙwayar taki kuwa ta yi kama da tsakuwa. 'Yar kaɗan ba ta kisa, tulin da ya zube a bakin gona ne abin sharewa. Babbar ɓarnar taki ita ma a ruwa take. Mai watsa yuriya a saman ƙasa ana gab da ruwa mai ƙarfi, wata ta tashi a iska, wata ta bi kwari. Inda ta taru ruwa ya yi kore shar da gansakuka, gansakukar ta ruɓe ta shanye iskar da kifi ke shaƙa. Tarwaɗa takan jure don tana iya leƙowa ta ɗauki numfashi a sama. Karfasa ce ke fara tasowa. Malaman gona da masanan cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya sun daɗe suna cewa a raba taki kashi biyu, a tona a binne. Su don amfanin gona suke faɗa, sai ga shi abin da ya fi wa aljihu shi ya fi wa kifi.

Wani abu kuma da na lura da shi. Gonar Kawu, wadda ke shan takin gida duk shekara, in ana huɗa balbelu na bin bayan shanu fari fat, suna tsintar tana da gwazarma. Gonar da ta yi shekara goma ba ta ga komai ba sai kamfa da feshi, balbela ta bi kunya biyu ta tashi.

Mu dawo kan kurciyoyina uku. Abin da ya kashe su maganin ƙwari ne da aka shafe iri da shi. Da yawa daga garin da ake sayarwa yanzu na ɗauke da imidakulofirid ko danginsa, masu kama jijiya. A Faransa an tara rahotannin shekaru na tattabarun daji da 'yan'uwan fakara da suka mutu bayan cin irin da aka shafe, a Afirka ta Kudu ma an tabbatar da haka a kan wata fakarar ƙasar. A Kanada, a 2019, an ba wasu ƙananan tsuntsaye masu ƙaura abin da bai wuce na 'yan ƙwayoyin iri ba, cikin awa shida suka rame, suka yi kwanaki kafin su ci gaba da tafiya. Wanda ya fi muni shi ne kabofuran, wato Furadan, mai ƙwaya kamar yashi. Ƙwaya ɗaya tak ta isa ƙaramin tsuntsu. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta a shekarun 1980 cewa yana kashe tsuntsu miliyan ɗaya zuwa biyu duk shekara, a 1991 aka fara janye mai ƙwayar. A Kenya an sha barbaɗa shi a mushe don zakuna, ungulaye su sauka su mutu tuli.

Ba sai mun je Kenya ba. A nan ma akwai masu jiƙa hatsi da guba su watsa don fakara da zabi da kuregen da ke tonon shuka, har wasu su tsince abin da ya faɗi su kai tukunya. Guba ba ta mutuwa don tsuntsu ya mutu. Shirwa ta sura, kyanwa ta ci, kare ya ci, yaro ya gasa. Mu ne muka zuba Gammalin a tafki don kifi, mu ne muka yayyafa wa wake fiya-fiya har Tarayyar Turai ta rufe wa wakenmu ƙofa a 2015. Ungulu kuwa, wadda da ba a rasa ta a mahauta, a 2015 ɗin aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, tsakanin guba da masu neman kanta don tsibbu.

Kwalba ba ita kaɗai ta yi aikin ba, a faɗi gaskiya. Saura ta ƙare, ko'ina an nome. Itatuwa sun tafi gawayi. Ga wutar daji, ga bindiga, ga danƙon yara, wanda ni ma na riƙe. Amma duk waɗannan sun daɗe tare da mu fakara tana nan. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, tun da sabuwar tsutsar masara ta shigo ƙasar nan a 2016 feshin ƙwari ya ƙaru, alhali shamuwa, mai zuwa da albishir ɗin damina, fara da tsutsa ne abincinta, haka balbela, haka cilakowa. 'Yan ƙwadago ne da ba sa karɓar ko sisi, mu kuma muna sa masu guba a akushi.

Feshin ma ya baro gona ya shigo gari. Tsakar gida, filin makaranta, bakin masallaci, har maƙabarta, ba mai son ɗaukar fartanya. Masu hali a Kano da Abuja kuma suna fesa wa korayen ciyawar ƙofar gidansu, su watsa mata taki. In ya zama dole, to a kulle kaji da awaki a kalla har ganye ya bushe, gara ma a ba shi kwanaki kafin dabba ta yi kiwo a wurin. Kada a yi ana iska, kada a yi hadari na sama, kada a matsa kusa da rijiya, a bi awon da ke jikin kwalba ba na gwangwanin madara ba. Kwalbar kuma a huda ta, don kada gobe a gan ta da fura a ciki.

Bana a kan buhu muka cuɗa iri, abin da ya zube na sa yara suka tsince, ragowar na tona rami na binne. Ruwan haɗi da jarka muka kai gona, a tsakiyar gona aka wanke inji. Farakwat na daina saye. Sai iyaka. Na tsaya a kan yaron feshi na ce ya bar mini taku uku daga gefen Kawu har zuwa ɗorawa. Ya dube ni kamar wanda ya zautu.

"Baba, ai macizai za su taru."

Na ce, "Bar su, akwai ɓeraye."

Ƙanena ya ce na yi asarar kunya biyu a banza, kuma da kaka 'ya'yan ciyawar za su koma cikin gona. Wannan gaskiya ne, sai da na sa fartanya na bi gefen sau biyu. Gambar dai ta tashi ta fi ni tsawo, kyasuwa ta yi fure, tafasa da lalo suka cika gindin. Fakara ban ji ta ba. Sau ɗaya na ga inda wani abu ya yi birgima a ƙura ya bar gashi mai zane-zane, na ɗauka na kai wa Kawu, ya juya shi ya ce ta yiwu zabon wani ne ya ɓato daga gari.

Ranar wata Juma'a na kai Inna a bayan babur. Ta sauka ta dubi wurin, ta dube ni.

"Ka tabbata ba a fesa nan ba?"

"Wallahi, Inna, ina tsaye."

Ta kwance gyale ta shimfiɗa a ƙasa ta kama tsinka. Kawu ya taho daga gonarsa yana dogara sanda, suka gaisa da 'yar'uwarsa, sannan ya kama gamba ɗaya ya murza tsakanin yatsu.

"Wannan ta isa zana huɗu," in ji shi. "Rabin iyakar nan dai tawa ce, Malam. In ta bushe zan turo yaro da lauje."

Na ce ya bari sai bayan an kai dawa gida. Ya ce zai duba.